Hasan Ibn al-Haisam: Malamin da Ya Gano Yadda Ido Yake Gani

Ɗalibai, idan kuka tsaya a tsakiyar birnin Abuja kuka dubi Dutsen Aso, za ku gan shi gaba ɗaya, daga gindinsa har zuwa ƙololuwarsa. To, ta yaya wannan ƙaton dutse yake shiga cikin ɗan ƙaramin idonku? Malamin da ya buɗe hanyar amsa wannan tambaya ya rayu kimanin shekara dubu da suka wuce. Sunansa Abu Ali Hasan Ibn al-Haisam.

An haife shi a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya. A can ya girma, ya yi karatu mai zurfi a fannin lissafi da ilimin taurari, ya kuma nazarci littattafan malaman Girka waɗanda aka fassara zuwa Larabci. Sunansa ya bazu har ya kai ƙasar Masar.

A lokacin, Halifa al-Hakim ne yake mulkin Masar. Masana tarihi sun rubuta cewa labari ya iske Halifa cewa Ibn al-Haisam ya ce zai iya yin aikin da zai daidaita ambaliyar Kogin Nilu. Halifa ya kira shi, ya karrama shi, ya haɗa shi da ma'aikata. Suka nufi kudu har kusa da Aswan. Da ya ga faɗin kogin da ƙarfin ruwansa, sai ya gane cewa kayan aikin zamaninsa ba za su iya ba. Ya koma ya faɗa wa Halifa gaskiya. Ba a kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan ba sai a 1970.

Al-Hakim sarki ne mai zafin hukunci. Saboda tsoron fushinsa, an ce Ibn al-Haisam ya yi haukan ƙarya. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a gida har Halifa ya kau a 1021. Bayan haka ya zauna kusa da Masallacin Azhar a birnin Alƙahira. Da alƙalaminsa yake cin abinci, domin yakan kwafi littattafan lissafi da hannu ya sayar.

A Masar ne ya rubuta babban littafinsa mai suna Kitabul Manazir, wanda ya kasu kashi bakwai. Kafin zamaninsa, manyan malaman Girka irin su Yuklid da Batlimus sun koyar da cewa wani haske ne yake fita daga ido ya taɓa abu, sannan a gan shi. Ibn al-Haisam bai karɓi wannan magana don girman masu ita ba. Ya lura cewa wanda ya dubi rana idonsa yakan yi zafi. Ya kuma lura cewa wanda ya daɗe yana kallon abu mai tsananin haske, in ya kau da kai, alamar hasken takan saura a idonsa. Wannan ya nuna cewa haske daga waje yake shigowa. Ya bayyana cewa haske yana tashi daga kowane ɗigo na jikin abu, yana tafiya a miƙe, har ya shiga ido.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, shi kuwa haka ya yi aikinsa. Ya jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu, ya bar ƙaramar kafa ɗaya. Hasken kowace fitila ya ratsa kafar ya sauka a wurinsa daban a jikin bango. Da ya rufe fitila ɗaya, sai haskenta kaɗai ya ɓace. Ya kuma yi gwaje-gwaje da ruwa da gilashi don ya ga yadda haske yake karkata idan ya bar iska ya shiga cikinsu.

Duk da haka, bai gano komai da komai ba. Ya zaci cewa gani yana farawa ne a wani ɓangare mai kama da gilashi da ke cikin ido. Ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040. Daga baya aka fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572. A 1604 wani masani Bajamushe, Johannes Kepler, ya ɗora a kan aikinsa, ya nuna cewa hoton abu yana sauka ne a tantanin da ke bayan ido, ƙanƙane kuma a kife. Ƙwaƙwalwa ce take fahimtar sa daidai. Ta haka Dutsen Aso yake samun wuri a idonku.

Da aka gane cewa ido yana bin ƙa'idojin haske, sai masana suka fara auna shi, suna ƙera kwaikwayonsa. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Allvar Gullstrand, ya tsara ma'aunin sassan ido dalla-dalla, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1911. Tsawon idon babban mutum daga gaba zuwa baya kimanin milimita 24 ne. A yau ana ƙera idon gwaji da gilashi ko roba, wani lokaci a cika shi da ruwa. Da shi masu koyon aikin ido suke sabawa da kayan aiki kafin su taɓa majiyyaci. A cikinsa kuma ake gwada ɗan gilashin roba da ake dasa wa wanda aka cire wa yanar ido. Yana tana cikin manyan abubuwan da suke makantar da mutane a Nijeriya, saboda haka wannan gwaji ya shafi iyayenku da kakanninku.

Duniya ba ta manta da Ibn al-Haisam ba. Iraƙi ta sa hotonsa a takardar kuɗinta, aka kuma raɗa wa wani rami da ke jikin wata sunansa. A 2015, Shekarar Haske ta Duniya, hukumar UNESCO ta yi bikin tunawa da aikinsa. Idan kun shiga ɗakin gwajin kimiyya na makarantarku, ku yi koyi da shi: ku saurari malami, ku karanta littafi, sannan ku gwada da hannunku.

Ma'anar Kalmomi

Ambaliya: cikar kogi har ruwa ya malala waje.
Kafa: ƙaramar ɓula.
Majiyyaci: marar lafiya.
A kife: sama ta koma ƙasa.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Ibn al-Haisam, a ina kuma ya rasu?
2. Me ya hana shi yin aikin Kogin Nilu?
3. Kawo dalilai biyu da suka nuna masa cewa haske daga waje yake shiga ido.
4. Wane gyara Kepler ya yi wa bayaninsa?
5. Faɗi amfani biyu na idon gwaji.