John Stark, Jagoran Dakarun New Hampshire

Ya kai ɗalibi, ka sani cewa a lokacin da Amurka take yaƙin neman 'yanci, kowace jiha tana da dakarunta na sa-kai. Manoma ne da maharba da maƙera, waɗanda ake kira idan yaƙi ya taso, su koma sana'arsu idan ƙura ta lafa. John Stark yana cikin shahararrun jagororinsu.

An haife shi a New Hampshire a shekarar 1728. A 1752 mutanen ƙabilar Abenaki suka kama shi a wajen farauta, sai da aka biya fansa suka sake shi. Daga baya ya taya Ingila yaƙi da Faransa, ya ƙware a yaƙin daji. Da Amurkawa suka tayar wa Ingila a 1775, ya nuna jarumtaka a gwabzawar Bunker Hill. Amma a farkon 1777 majalisar ƙasa ta tsallake shi wajen ƙarin girma. Ransa ya ɓaci, ya ajiye aiki, ya koma gona.

Bai daɗe a gida ba sai Janar Burgoyne na Ingila ya nufo kudu daga Kanada da babbar runduna. Hankalin mutanen New Hampshire ya tashi, suka nemi Stark ya jagoranci dakarunsu. Ya amince, amma da sharaɗi: daga jiharsa kaɗai zai karɓi umarni. Cikin 'yan kwanaki mutum wajen 1,500 suka amsa kiransa. Da aka umarce shi ya kai su ga babbar rundunar ƙasa, sai ya ƙi. Ka lura, a aikin soja wannan ba ƙaramin laifi ba ne, kuma da an ci shi da yaƙi, da ba mai yafe masa.

Abinci da dawaki sun yi wa Burgoyne ƙaranci, don haka ya tura wata runduna, akasarinta Jamusawa, ta kwaso kayan da aka tara a Bennington. Ranar 16 ga Agusta, 1777, Stark ya raba mutanensa, suka yi wa abokan gaba ƙawanya, suka kama kimanin 700. Wannan asara ta karya lagon Burgoyne. Bayan wata biyu ya miƙa wuya a Saratoga. Majalisar da ta tsallake Stark ita ce ta ba shi muƙamin birgediya janar.

Da yaƙi ya ƙare, bai shiga siyasa ba, gonarsa ya koma. Ya rasu a 1822 yana da shekara 93.