Fritz Walter: kyaftin ɗin da tamaula ta kuɓutar daga Saberiya, ya ɗauko wa Jamus kofin duniya na farko

Duk wanda ya je birnin Kaiserslautern a kudu maso yammacin Jamus zai hangi babban filin wasa a kan tudun Betzenberg. Tun 1985 filin ke ɗauke da sunan Fritz Walter, ɗan wasan tsakiya da ya jagoranci Jamus ta Yamma ta ci kofin duniya a 1954. Matasan da ke bin gasar Bundesliga a yau ba kowa ya san shi ba, domin ya ajiye takalmi tun kafin a kafa gasar. Amma a rayuwarsa akwai yaƙi, da zaman fursuna, da ciwon da bai rabu da shi ba, da kuma kulob guda ɗaya da ya ƙi bari duk da kuɗin da aka yi masa tayi.

Yaron da ya tashi a gindin kulob

An haifi Friedrich Walter ranar 31 ga Oktoban 1920 a Kaiserslautern, garin da ba shi da nisa da iyakar Faransa. Shi ne babba cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa ne ke riƙe da gidan cin abinci na kulob ɗin garin, don haka yaron ya buɗe ido cikin hirar 'yan ƙwallo. A 1928 ya shiga sahun yaran kulob ɗin, yana da shekara 17 kuma aka ɗauke shi babbar ƙungiya. A wancan zamani ƙwallo ba sana'a ba ce a Jamus, shi ya sa ya koyi aikin banki a gefe guda.

Kocin tawagar ƙasa, Sepp Herberger, bai daɗe ba ya gano shi. Ranar 14 ga Yulin 1940 Walter ya buga wasansa na farko wa Jamus a birnin Frankfurt, inda suka lallasa Romaniya da ci 9 da 3, uku daga ciki shi ya zura. Daga nan aka ƙulla alaƙa tsakanin koci da ɗan wasa wadda ta kai kusan shekara ashirin. Herberger ya samu wanda zai riƙa aiwatar da tunaninsa a cikin fili, Walter kuma ya samu uba na biyu.

Wurinsa a fili shi ne bayan 'yan gaba, abin da yau ake kira lamba goma. Shi ke karɓo ƙwallo daga baya, ya raba ta, ya buga kwana da bugun tazara, kuma yana cin ƙwallaye kamar ɗan gaba.

Yaƙi, zazzaɓi da sansanin fursuna

Wasanninsa 24 na farko a tawagar ƙasa duk ya buga su ne tsakanin 1940 da 1942, lokacin mulkin Hitler, ana tsaka da yaƙin duniya na biyu. Ɗaya daga cikinsu shi ne na ranar 3 ga Mayun 1942 a Budapest. An tafi hutun rabin lokaci Hangari na gaba da ci 3 da 1, aka tashi Jamus na da 5, Hangari na da 3, Walter ya ci biyu. Wannan wasa zai yi masa rana daga baya.

Kamar sauran samarin zamaninsa, an ɗauke shi aikin soja. Ya zauna a yankin Lorraine, wanda Jamus ta mamaye a lokacin, har ya taka leda a garin Thionville. Daga baya aka tura shi tsibiran tekun Bahar Rum, kuma a Sardiniya ne zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. Ciwon ya bar masa tabo har ƙarshen rayuwarsa ta wasa: in rana ta ƙwalle sai jikinsa ya mutu, in kuwa ana ruwa da sanyi sai ya fi kowa kuzari. Har gobe Jamusawa na kiran ranar da ake wasa cikin ruwan sama da sunan yanayin Fritz Walter.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, ya tsinci kansa a hannun sojojin Tarayyar Sobiyet, a wani sansani da ke Sighetu Marmației a arewacin Romaniya. Daga wannan sansani ake kwasar fursunoni zuwa gabas, kuma da yawa cikin waɗanda aka kai Saberiya ba su dawo ba. Wata rana masu gadi 'yan Hangari da Silobakiya suna buga ƙwallo, ta gangaro wajensa, ya mayar musu da ita ta yadda suka gane ba ɗan koyo ba ne, suka sa shi cikin wasan. Kamar yadda aka saba bayar da labarin, ɗaya daga cikinsu ya tuna da shi daga wasan Budapest. Masu gadin suka tsaya masa, aka nuna cewa shi mutumin yankin Saar ne da ke ƙarƙashin Faransa, aka cire sunansa daga jerin masu tafiya. A ƙarshen 1945 ya koma gida tare da ƙanensa Ludwig, wanda shi ma yake tsare a sansanin.

Kulob ɗaya, duk da tayin Madrid

Garin da ya tarar bama-bamai sun ragargaza shi, kuma yana cikin yankin da sojojin Faransa ke iko da shi. Walter ya tattaro 'yan wasan da suka tsira, ya zama koci kuma ɗan wasa a lokaci guda. Cikin 'yan shekaru ƙungiyar ta zama abin tsoro, har jama'a suka riƙa kiranta da sunansa. A 1948 suka kai wasan ƙarshe na gasar Jamus, Nuremberg ta doke su 2 da 1. A shekarar ce kuma ya auri Italia Bortoluzzi, 'yar asalin Italiya, wadda suka zauna tare fiye da shekara hamsin.

A 1951 Kaiserslautern ta zama zakarar Jamus karon farko, bayan doke Preußen Münster 2 da 1 a Berlin, ƙanensa Ottmar ne ya ci duka biyun. A 1953 suka maimaita, suka casa Stuttgart 4 da 1. Sun sake kaiwa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, ba su yi nasara ba. Gaba ɗaya Walter ya ci wa kulob ɗin ƙwallaye sama da 300.

A wannan lokaci doka ta ƙayyade cewa albashin ɗan ƙwallo a Jamus ta Yamma ba zai wuce mak 320 a wata ba. Atlético Madrid ta Sifaniya ta zo masa da kuɗin da ya ninka wannan sau da yawa, ƙungiyar Nancy ta Faransa ma ta nema. Duk ya ƙi. Akwai dalili na zahiri: a wancan zamani wanda ya tafi waje da wuya a sake kiransa tawagar ƙasa. Akwai kuma halinsa. Walter mutum ne mai raunin zuciya, fargaba kan kama shi kafin wasa, suka a jarida kan hana shi sukuni, kuma sau da yawa sai Herberger ya lallashe shi kafin ya yarda da kansa. Irin wannan mutum ya fi samun natsuwa a inda aka san shi tun yana yaro. Ya zauna a gida, ya buɗe gidan silima da wurin wankin kaya don ƙara abin shiga.

Bern, 4 ga Yulin 1954

An hana Jamus shiga gasar cin kofin duniya ta 1950. Walter ya dawo tawagar ƙasa a 1951, aka ba shi kyaftin. A wasannin share fagen gasar 1954, cikin waɗanda suka kara da su har da Saar, yankin da aka ce daga can ya fito don a cece shi, wanda a lokacin ke da tawagarsa ta daban.

Da aka je Suwizalan, ba a lissafa Jamus cikin masu ɗaukar kofi ba. Kowa Hangari yake kallo. Tawagar Ferenc Puskás ta shekara huɗu ba a doke ta ba, ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1952, ta je Wembley ta ci Ingila 6 da 3, ta ƙara mata 7 da 1 a Budapest. A gida ma ana ta gunaguni kan Herberger, saboda ya gina tawagarsa a kan 'yan Kaiserslautern biyar: Fritz da Ottmar Walter, Werner Liebrich, Werner Kohlmeyer da Horst Eckel. Makonni kaɗan kafin gasar, Hannover ta yi wa kulob ɗin nasu 5 da 1 a wasan ƙarshe na gasar Jamus.

A rukuni Jamus ta ci Turkiyya 4 da 1. Da aka zo karawa da Hangari, Herberger ya ajiye da yawa daga manyan 'yan wasansa, aka yi musu 8 da 3. Suka sake haɗuwa da Turkiyya a wasan raba gardama suka ci 7 da 2, suka fitar da Yugoslabiya 2 da nema. A wasan kusa da na ƙarshe da Ostiriya ne Walter ya nuna kansa sosai: an tashi 6 da 1, ya ci fanareti biyu, Ottmar ma ya ci biyu.

Ranar wasan ƙarshe a filin Wankdorf na birnin Bern, ruwa ya sauko, fili ya jiƙe. Adi Dassler, mai kamfanin Adidas, ya tanadar wa Jamusawa takalma masu ƙusoshin da ake kwancewa a sa dogaye, abin da ya taimaka musu a cikin taɓo. Duk da haka, minti takwas kacal da farawa Puskás da Zoltán Czibor sun riga sun ci biyu. Max Morlock ya farke ɗaya a minti na 10. A minti na 18 Walter ya bugo kwana, Helmut Rahn ya sa ta a raga, aka koma 2 da 2. Hangari ta yi ta kai hari, turke da mai tsaron gida Toni Turek suka yi ta hana ta. Saura minti shida a tashi, Rahn ya ci ta uku. Puskás ya sake jefa ƙwallo a raga, amma aka ce satar gida ce, hukuncin da 'yan Hangari ba su amince da shi ba har yau.

Walter, mai shekara 33, ya karɓi kofin daga hannun Jules Rimet. Shi da Ottmar suka zama 'yan'uwa na farko da suka ci kofin duniya tare. Ga ƙasar da shekara tara kacal da ta sha kaye a yaƙin da ita ta tayar, wannan nasara ta wuce ƙwallo, har wasu masana tarihi ke lissafa ta cikin abubuwan da suka kafa Jamus ta Yamma a zukatan mutanenta.

Nasarar ba ta rasa tabo ba. Bayan gasar, 'yan wasa da dama, har da Walter, sun kwanta ciwon shawara, aka danganta hakan da allurar da aka yi musu da sirinji ɗaya. Jami'an tawagar sun ce bitamin ne, wasu masu bincike kuma na zargin maganin ƙara kuzari ne. Muhawarar ba ta mutu ba.

Ƙarshen wasa da abin da ya bari

Ranar 6 ga Oktoban 1956, a wasan sada zumunta a Leipzig da ke Jamus ta Gabas, gaban 'yan kallo kimanin dubu ɗari, ya yi tsalle ya faɗa gaba, ya doki ƙwallo da dunduniya ta bi ta samansa ta shiga raga. Ana lissafa ta cikin ƙwallaye mafi kyau a tarihin Jamus.

Herberger ya shawo kansa ya je gasar 1958 a Suwidin yana da shekara 37. A wasan kusa da na ƙarshe a Gothenburg, alƙali ya kori Erich Juskowiak, aka kuma yi wa Walter mugun taku. Da yake a lokacin ba a canjin ɗan wasa, haka ya ƙarasa yana ɗingishi, Suwidin ta ci 3 da 1. Wannan ne wasansa na 61 kuma na ƙarshe a tawagar ƙasa, da ƙwallaye 33. Bai buga wasan neman na uku ba, wanda Faransa ta ci 6 da 3, Just Fontaine ya zura huɗu. A 1959 ya yi ritaya, kuma da Herberger ya nemi ya tafi da shi gasar 1962 a Chile, bai amsa ba.

Shi ne na farko da hukumar ƙwallon Jamus ta naɗa kyaftin na girmamawa. Bai nemi horar da babban kulob ba. Ya zama mai ba da shawara ga ƙungiyar ƙauyen Alsenborn inda ya zauna, wadda sau uku a jere, daga 1968 zuwa 1970, ta kai wasannin neman hawa Bundesliga. Ya kuma shafe shekaru yana ziyartar gidajen yari a madadin gidauniyar Sepp Herberger, yana zama da matasan da ke tsare, shi da ya san zaman fursuna.

Matarsa ta rasu a Disambar 2001. Shi kuma ya bi ta ranar 17 ga Yunin 2002, yana da shekara 81, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya a Koriya ta Kudu da Japan. 'Yan wasan Jamus sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu a wasansu da Amurka. Bai ga gasar 2006 ba, wadda aka buga wasanni biyar nata a filin da ke ɗauke da sunansa.

Tun 2005 hukumar ƙwallon Jamus ke ba fitattun matasan 'yan wasa lambar yabo ta Fritz Walter. Cikin waɗanda suka karɓi ta zinare akwai Antonio Rüdiger, wanda mahaifiyarsa 'yar Saliyo ce, a 2012, da Karim Adeyemi, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a 2019, da Youssoufa Moukoko, haifaffen Yaoundé a Kamaru, a 2021.