Malamin da Bai Ɓoye Kuskurensa Ba

'Yan'uwana ɗalibai, ran da na fara gwajin koyarwa na yi kuskuren lissafi a kan allo, yara suka yi ta dariya. Kunya ta rufe ni har na so in bar lissafi. Labarin wani malami ne ya ƙarfafa mini gwiwa, shi zan ba ku.

An haifi Lewis Fry Richardson a Ingila cikin 1881. Ya ga akwai lissafin da ba ya warwaruwa gaba ɗaya, sai ya riƙa yanka abu ƙanana ƙanana, yana lissafa kowane yanki da taimakon maƙwabtansa. Da wannan dabara, a 1910, ya auna yadda nauyin ruwa ke danne madatsa ta dutse.

Daga nan ya juya kan iska. Ya raba taswirar Turai gida gida kamar dara. Da aka yi yaƙin duniya na fari bai ɗauki bindiga ba, don ɗariƙarsu ba ta yarda da yaƙi ba. Motar ɗaukar masu rauni ya tuƙa a Faransa. In ya sami sarari sai ya jawo takarda da fensir. Ya yi wajen mako shida yana lissafin yanayin awa shida tak na ran 20 ga Mayu 1910. Amsa ta fito wai nauyin iska zai ƙaru da miliba 145, alhali kuwa ran nan da ƙyar ya motsa.

Da ni ne, da na ɓoye takardar. Shi kuwa ya buga ta cikin littafinsa a 1922, har da kuskuren. Ya kuma ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga iska. A lokacin nan ya riga ya bar ma'aikatar duba yanayi, don an mai da ita ƙarƙashin ma'aikatar jiragen yaƙi, yana koyarwa a kwalejin horon malamai a Landan, irin tamu.

A 1950 wata kwamfuta a Amurka, mai suna ENIAC, ta faɗi yanayin gobe ta hanyar lissafi. Ya ji labari kafin ya rasu a 1953. Daga baya masana suka gano hanyarsa daidai take, alƙaluman da ya fara da su ne ba a tace ba. Da ya ɓoye, ina za a gano?

Tun daga nan, in na yi kuskure a allo ba na sharewa. Sai mu neme shi tare da yara.