Likita Gall, Mai Shafa Kawunan Mutane

Mu da za mu fita koyarwa, ko a tura mu Birnin Kudu ko Gwaram, akwai wata rana da ke jiranmu. Za a tara mana yaran da ba mu san ko ɗayansu ba, nan da nan ido ya shiga rabo, ya ce mai faɗin goshin nan haziƙi ne, mai ƙeyar can daƙiƙi. Saboda wannan rana muka ga ya kamata mu kawo labarin mutumin da ya so ya mai da irin wannan zato ilmi.

Sunansa Franz Joseph Gall. An haife shi a Tiefenbronn, ƙasar Jamus, cikin 1758. Tun yana makaranta ya lura yaran da suka fi shi hadda manyan idanu gare su. Da ya zama likita a Biyana cikin 1785 sai ya ɗora gini bisa wannan. Ya ce ƙwaƙwalwa kashi 27 ce, kowane hali da mazauninsa, hadda kuwa tana bayan ido. Wai kashin da ya ƙasaita ya kan turo ƙoƙon kai, har mai shafawa ya ji tudunsa. Ya bi gidajen yari da na mahaukata yana shafa kawuna, yana tara ƙoƙunan matattu. Da zancen gaskiya ne, da wanzaman kasuwa sun fi alƙalai sanin ɓarayi!

Cikin 1801 Sarki Francis na Biyu ya hana shi karantarwa, don a ganinsa abin zai ɓata addini. Ya bar Biyana cikin 1805 tare da almajirinsa Spurzheim, ya sauka Faris cikin 1807, manya suka yi ta tururuwa wurinsa.

Inda ya yi kuskure shi ne, in ya sami ɓarawo mai tudun sata sai ya ƙirga shi hujja, in kuwa ba tudu sai ya nemo wani dalili. Mai irin wannan lissafi ba ya faɗuwa. Cikin 1824 Flourens ya buga gwajin da ya yi da ƙwaƙwalwar dabbobi, bai sami abin da Gall ya faɗa ba. Cikin 2018 kuma masanan Oxford suka auna hotunan kawunan mutum fiye da 5,000, tudu da hali ba su haɗu ba. Amma kada mu ci haƙƙinsa: ya yi daidai da ya ce sassan ƙwaƙwalwa aikinsu daban daban ne, gama cikin 1861 Broca ya nuna mazaunin magana, ko da ya ke ba ta wurin shafa ya gano shi ba.

Gall ya rasu kusa da Faris cikin 1828, yana kan bakansa. Bisa wasiyyarsa aka cire ƙoƙon kansa, aka ajiye shi cikin waɗanda ya tara.