Mary Anning: ɗiyar kafinta da ta hau tambur

Masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, yau mun kawo muku tarihin wata ƴar kasuwa irinku. A watan Maris na 2024 gidan wayar Ingila ya fitar da tambur, wato kan sarki, masu hoton dinozor, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce. Cikin jerin har da tambur huɗu na tunawa da wata mata mai suna Mary Anning.

An haifi Mary a 1799 a Lyme Regis, wani ƙaramin gari na bakin teku a kudancin Ingila. Cikin ƴaƴa 10 da iyayenta suka haifa, ita da wanta Joseph kaɗai suka girma. Mahaifinsu kafinta ne, yana kuma tsinto ƙasusuwan da suka zama dutse a gindin tsaunin bakin teku, yana saida wa baƙi a kan tebur. Ya rasu a 1810, ya bar musu bashi. Da wannan ƴar sana'a suka ci gaba da neman abinci.

A 1811 Joseph ya tsinci ƙoƙon kan wata dabba. Bayan wasu watanni Mary, tana da shekara 12, ta tono sauran jikin, mai tsawon mita 5 da ɗoriya. Wani mai kuɗin yankin ya saye shi fam 23. A 1823 ta gano cikakken ƙwarangwal na wata dabbar ruwa mai dogon wuya. Babban masanin Faransa Georges Cuvier ya yi zaton haɗe-haɗe ne, daga baya ya yarda gaskiya ne. A 1826 ta buɗe kantinta, a 1828 kuma ta gano wata dabba mai fiffike. Waɗannan dabbobi ba dinozor ba ne sosai, zamani ɗaya suka yi da su.

Aikin akwai haɗari. Da hunturu take fita, lokacin da tsauni ke zaftarewa ya fito da ƙasusuwa. A 1833 ƙasa ta rufto ta kashe karenta, ita da ƙyar ta tsira.

Ga inda gizo ke saƙa: masana maza sukan sayi kayanta, su rubuta littattafai a kai, sau da yawa ba tare da sun ambaci sunanta ba. Ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ba ta fara karɓar mata ba sai a 1904. Ko da yake wasunsu sun yi halacci, don sun nema mata fansho na fam 25 a shekara bayan jarinta ya karye. Cutar daji ta mama ta yi ajalinta a 1847, tana da shekara 47.

Mu ma a Nijar muna da irin wannan arziki. A Gadufawa, cikin jihar Agadas, aka tono ƙasusuwan dinozor, ana kuma iya ganin wasu a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Duk wadda ta san hajarta, ta san darajarta, to ta riƙe sunanta a kai, kada ta bari dillali ya ci riba ya kuma haɗa da yabo.