Helen Taussig: Likitar da ta saurari zukatan yara da yatsunta

A asibitocin da ake yi wa yara dashen zuciya a yau, tiyatar kanta ba ta wuce 'yan sa'o'i, amma ɗawainiyar da ke gabanta da wadda ke biyo bayanta takan ɗauki tsawon rayuwar yaron. Akwai mai tantance wanda ya dace a yi wa aikin, akwai mai haɗa kan iyaye da likitoci, sannan akwai masu bin sawun yaron har ya mallaki hankalin kansa. Duk wanda ya bi salsalar irin wannan kulawa zai ci karo da sunan Dokta Helen Brooke Taussig, 'yar ƙasar Amurka, wadda ake ɗauka a matsayin uwar fannin likitancin zuciyar yara. Ita ba likitar fiɗa ba ce, kuma ta yi yawancin aikinta ne cikin larurar rashin ji sosai.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Helen Taussig ranar 24 ga Mayu, 1898, a garin Cambridge da ke Jihar Massachusetts. Ita ce auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinta, Frank Taussig, shehin malami ne a fannin tattalin arziki a Jami'ar Harvard, mahaifiyarta Edith kuwa tana cikin ɗaliban farko na Kwalejin Radcliffe ta mata. Helen na da shekara 11 tarin fuka ya yi ajalin mahaifiyar, ita ma cutar ta taɓa ta har ta kawo mata tsaiko a makaranta.

Ban da maraici, yarinyar ta taso da matsalar harhaɗa baƙaƙe, irin wadda ke sa haruffa su riƙa cakuɗe wa mai karatu. Mahaifinta ya zauna da ita cikin haƙuri yana bi da ita kalma bayan kalma. Karatu bai taɓa zame mata abu mai sauƙi ba har ta tsufa, amma ta yi shekara biyu a Radcliffe, sannan ta koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ta sami digirinta na farko a 1921.

Ƙofofin da aka rufe

Da ta nuna sha'awar karatun likita, sai ta tarar makarantar likitanci ta Harvard ba ta ɗaukar mata, kuma ba ta fara ba sai a 1945. A sashen kiwon lafiyar jama'a na jami'ar an nuna mata cewa za ta iya halartar darasi, amma kada ta sa ran takardar shaida. Ta juya zuwa Jami'ar Boston, inda wani malamin ilimin sassan jiki, Alexander Begg, ya miƙa mata zuciyar sa ya ce ta yi nazari a kai. Daga wannan zuciyar ta dabba ce ƙaunarta ga fannin ta samo tushe. Shi ne kuma ya ba ta shawarar ta nemi Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, wadda ke ɗaukar mata tun buɗe makarantar likitancinta a 1893, saboda sharaɗin da wata attajira, Mary Elizabeth Garrett, ta gindaya kafin ta ba da gudummawar kuɗi.

Helen ta kammala a 1927. Ba ta sami gurbin horon da ta nema a sashen manya ba, don haka ta karkata ga yara. A 1930 shugaban sashen yara, Edwards Park, ya damƙa mata sabon ɗakin duba masu ciwon zuciya a asibitin yara na Harriet Lane. A nan ta zauna har ta yi ritaya a 1963.

A daidai lokacin da ta karɓi wannan aiki ne jinta ya fara raguwa. Ga likitan zuciya na wancan zamani kunne shi ne jari, domin da sauraron ƙirji ake gane kusan komai. Ta koyi karanta leɓe, ta yi amfani da na'urar ƙara sauti, sannan ta horar da yatsunta su ji bugu da karkarwar zuciya idan ta ɗora su a ƙirjin jariri. Ta kuma dogara da wata na'urar hoton ƙirji mai nuna inuwar zuciya tana motsi. Takan juya yaro ta kowace fuska a gaban na'urar, ta rubuta abin da ta gani, idan kuma ya rasu aka binciki gawarsa, sai ta gwada rubutunta da abin da aka tarar. Da haka ta koyi gane irin naƙasar da ke cikin zuciya tun mai ita yana raye, a zamanin da yawancin likitoci ke ganin ɓata lokaci ne, tunda babu maganin da za a bayar.

Shuɗɗan jarirai

Mafi yawan yaran da ta fara dubawa masu zazzaɓin da ke lalata ƙofofin zuciya ne, wanda kan biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a magance ba. Amma waɗanda suka fi tsaya mata a rai su ne yaran da ake kira shuɗɗan jarirai. Leɓɓansu da harshensu da faratansu sukan yi shuɗi-shuɗi, numfashi ya riƙa yi musu wuya, waɗanda suka kai ga tafiya kuma da sun yi 'yan taku sai su tsuguna su huta. Da yawansu suna ɗauke da naƙasar nan mai lahani huɗu da likitan Faransa Étienne-Louis Fallot ya bayyana a 1888. Kaɗan ne daga cikinsu ke kaiwa girma.

Akwai wata 'yar jijiya da ke haɗa manyan hanyoyin jini biyu na ɗan tayi a cikin mahaifa, wadda kan rufe da kanta jim kaɗan bayan haihuwa. Taussig ta lura cewa jariran da wannan jijiya ta yi jinkirin rufewa a jikinsu sukan fi samun sauƙi, kuma da zarar ta rufe sai jiki ya rikice. Ta fahimci cewa abin da ke kashe su shi ne ƙarancin jinin da ke isa huhu ya ɗauko iskar oksijin. Idan haka ne, to mafita ita ce a buɗe wa jinin wata hanya da hannu.

Ta kai wannan tunani ga Robert Gross na Boston, wanda a 1938 ya yi suna wajen ɗaure irin wannan jijiya ga yaran da ta ƙi rufewa a jikinsu, amma bai karɓa ba. A 1941 Alfred Blalock ya zo Johns Hopkins a matsayin shugaban sashen tiyata, tare da mataimakinsa na ɗakin gwaji, Vivien Thomas. Thomas baƙar fata ne, kafinta tun asali, wanda karayar tattalin arzikin Amurka ta cinye ɗan abin da ya tara don karatun likita. Da Taussig ta gabatar musu da matsalar a 1943, Thomas ne ya yi gwaji a kan karnuka kusan 200, ya kuma ƙera wasu kayan aikin da za su iya ɗinke jijiya siririya irin ta jariri.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1944, Blalock ya yi wa wata yarinya 'yar wata 15 aikin, inda ya karkato jijiyar da ke kai jini hannu ya haɗa ta da wadda ke zuwa huhu. Thomas na tsaye a bayansa yana yi masa jagora, Taussig kuma na kusa da kan yarinyar tana lura da launinta. Yarinyar ta samu sauƙi na wasu watanni, daga baya ciwon ya dawo, ta rasu bayan aiki na biyu. Yara biyun da suka biyo ta sun murmure. A watan Mayun 1945 Blalock da Taussig suka wallafa rahoton, ba tare da sunan Thomas ba. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, kuma a yau likitoci da dama suna kiran aikin da sunayen su ukun.

Aikin da ke bayan wuƙa

Labari na bazuwa iyaye suka yi ta tururuwa zuwa Baltimore daga ko'ina a Amurka da ƙasashen waje, wasu ba tare da an ba su rana ba, wasu bayan maƙwabta sun haɗa musu kuɗin mota. Kafin shekarun 1950 su yi nisa an yi wa yara fiye da 1,000 wannan aiki a asibitin.

Nauyin wannan cincirindo a wuyan Taussig ya sauka. Ba kowane yaro mai shuɗin leɓe aikin zai amfana ba, wani ma zai iya hallaka shi, don haka ita da likitocin da take horarwa ne ke tantancewa. Su ne ke zama da iyaye su yi musu bayanin haɗari da fatan da ke ciki, su shirya yaron, su karɓe shi daga hannun masu tiyata, su kuma rubuta wa likitan garinsu abin da zai kula da shi. Taussig ta ɗauki sallama daga asibiti a matsayin somin-taɓi. Ta adana bayanan yaran, ta riƙa musayar wasiƙu da iyalansu, ta nemi sanin wanda ya shiga makaranta, da wadda ta yi aure ta haihu, da wanda ciwon ya dawo masa. A shekarun 1970, bayan ta yi ritaya, ta ci gaba da wallafa sakamakon bin sawun waɗannan yara na farko. Wannan ya zama dole, domin aikin na 1944 sauƙi yake kawowa, bai gyara naƙasar ba. Cikakken gyara bai samu ba sai bayan da aka fara buɗe zuciya a tsakiyar shekarun 1950, kuma yaran da aka riƙe bayanansu su ne suka fi sauƙin samu a dawo da su.

A 1947 ta fitar da littafinta kan naƙasun zuciya da ake haihuwar yara da su, wanda ya zama madogara ga likitoci a duniya. Ta horar da ɗimbin likitoci maza da mata da suka koma suka kafa sassan zuciyar yara a ƙasashensu. Duk da haka, sai a 1959 Johns Hopkins ta ba ta cikakken matsayin farfesa.

Bala'in thalidomide

A farkon 1962 wani tsohon ɗalibinta Bajamushe, Alois Beuren, ya ba ta labarin jarirai da ake haifa da guntayen hannaye da ƙafafu a Jamus. Ta tafi da kanta ta zagaya asibitoci na tsawon makonni, ta gamsu cewa maganin barci da tashin zuciya na thalidomide, da masu juna biyu ke sha, shi ne sanadi. Fiye da yara 10,000 abin ya shafa a duniya. A Amurka wata jami'ar hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, ta riga ta ƙi sa hannu a sayar da shi. Taussig ta dawo ta faɗakar da likitoci da jama'a, ta ba da bahasi a gaban majalisa, kuma a watan Oktoban shekarar aka sa hannu kan dokar da ta tsaurara gwajin magani kafin ya shiga kasuwa.

Zamanin dashe

Allah Ya ja kwananta har ta ga mafarin dashen zuciya. Ranar 3 ga Disamba, 1967, Christiaan Barnard ya yi na farko a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Bayan kwana uku Adrian Kantrowitz ya gwada a kan jaririn da bai cika mako uku ba a New York, amma bai kai sa'a bakwai ba ya cika. Al'amura ba su daidaita ba sai bayan samun maganin cyclosporine a farkon shekarun 1980, wanda ke hana garkuwar jiki yaƙar baƙuwar zuciya. A 1984 Leonard Bailey na Loma Linda ya dasa wa wata jaririya zuciyar gwaggon biri, ta rayu kusan mako uku, sannan a 1985 ya yi nasarar dasa wa jariri zuciyar jariri ɗan'uwansa.

Dashe ya ƙara fito da darajar abin da Taussig ta dage a kai. Sai an dace da girman jikin mai bayarwa da na mai karɓa, kuma zuciyar da aka cire ba ta jure fiye da sa'o'i huɗu zuwa shida a waje. Bayan aikin, yaron zai sha maganin danne garkuwa muddin ransa, a kan lokaci, ana auna jininsa, ana tsare shi daga cututtukan da wasu yara ke shanyewa cikin sauƙi. Lokacin balaga ma yana da nasa haɗarin, domin a nan matasa kan yi sakaci da magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa cibiyoyin dashe ke ware ma'aikaci na musamman, galibi daga cikin masu jinya, da zai riƙe zaren tsakanin likitoci da iyaye da makaranta.

Ƙarshen rayuwa

A 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya ba ta lambar yabo mafi girma da Amurka ke bai wa farar hula, a 1965 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Zuciya ta Amurka. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. A shekarunta na ƙarshe ta duƙufa ga nazarin zukatan tsuntsaye, tana neman asalin naƙasun da ta shafe rayuwarta tana gani a jikin yara.

Ta rasu ranar 20 ga Mayu, 1986, sakamakon haɗarin mota a Kennett Square da ke Jihar Pennsylvania, a wata fita da ta yi don kai abokan zamanta wurin jefa ƙuri'a, saura kwana huɗu ta cika shekara 88. Kusan yaro ɗaya cikin kowane 100 da ake haifa yana zuwa da wata naƙasa a zuciya, kuma har gobe ana yi wa wasunsu wani nau'i na aikin nan na 1944 don su samu ƙarfin jiran babban gyara. Cibiyar zuciyar yara ta Johns Hopkins tana ɗauke da sunanta tare da na Blalock da Thomas.