Kawsan, jarumin Abzin

An haifi Kawsan wajen shekarar 1880 a ƙasar Damargu. Ba'abzine ne, daga kabilar Ikazkazan. Yana saurayi Faransawa suka shigo ƙasarmu. Sun kama Damagaram a 1899, daga baya suka kafa bariki a Agadas.

Mulkin Nasara ya yi wa mutanen Abzin nauyi ƙwarai. Aka aza masu haraji. Abin da ya fi ciwo kuwa shi ne maganar raƙuma. Duk lokacin da kwamanda yake son a kai kayan soji Bilma ko Damagaram, sai ya aika a kamo raƙuman mutane. Da yawa suna mutuwa a hanya. Ga Ba'abzine, raƙumi shi ne gona, shi ne rumbu: da shi yake ɗauko gishiri da dabino daga Kawar, ya sayo hatsi a ƙasar Hausa. Sai kuma fari da yunwa na 1913 da 1914 suka ƙara jagula al'amura.

Kawsan bai yarda ya zauna ƙarƙashin wannan mulki ba. Ya yi hijira zuwa gabas, ya shiga ɗariƙar Sanusiyya. Can ya koyi yaƙi irin na zamani, ya samu bindigogi da igwa waɗanda aka ƙwace daga hannun Italiyawa a Libiya. Sarkin Abzin Tagama yana aika masa saƙo a ɓoye, alhali Faransawa sun ɗauka nasu ne.

A watan Disamba na 1916, lokacin da Faransa take fama da babban yaƙin duniya na farko, Kawsan ya shigo Agadas da rundunarsa. Sojojin Faransa suka kulle kansu cikin bariki. Ya kewaye su kusan kwana 80, amma barikin bai faɗi ba. Ran 3 ga Maris 1917, wata babbar runduna ta iso daga Damagaram. Ingilishi ma sun turo sojoji daga Nijeriya don su taimaki Faransawa. Dole Kawsan da Tagama suka ja da baya cikin duwatsun Abzin.

Ramuwar da Faransawa suka yi ba ta da daɗin faɗi. Sun kashe mutane da yawa a Agadas da Ingal, har da malaman da suka fake cikin masallaci. Aka kwashe dabbobi, aka kori jama'a zuwa kudu. Abzin ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba.

Kawsan ya ci gaba da yaƙi har 1918, sannan ya nufi Tibesti, ya wuce Fazzan. A can abokan gabansa suka kama shi, suka rataye shi a Murzuk a farkon 1919. Tagama kuwa an kashe shi cikin kurkukun Damagaram a 1920.

Gidan da aka gina wa Kawsan a Agadas, kusa da babban masallaci, daga baya an mai da shi masaukin baƙi.